Waiwaye: Yadda aka kai ga mayar da matan karfasa maza

Tushen maganar yawan haihuwar karfasa ne. Macen tana fara zuba ƙwai tun ba ta girma ba, ta kwashe su a baki, ta yi kwanaki tana riƙe da su ba ta cin komai. Kafin mai kiwo ya ankara tafki ya cika da ƙananan kifaye, abinci ya gaza, babu wanda ya kai girman sayarwa. Namiji kuwa ya fi saurin girma. Don haka aka shiga neman tafkin da babu mace.

Da hannu aka fara: a juya kifi ɗaya bayan ɗaya, a duba ƙasan cikinsa. Aiki ne mai cin rai, kuma mata kaɗan in suka sulale sun isa su rusa lissafi.

Mafita daga Japan ta ɓullo. A shekarun 1950 wani masani, Toki-o Yamamoto, ya nuna cewa in aka cakuɗa sinadarin homon, irin wanda jiki ke samarwa don bambanta namiji da mace, a abincin 'ya'yan wani ɗan kifi mai suna medaka, jinsinsu kan juya. A 1975 Rafael Guerrero, ɗan Filifin da ya yi karatu a Jami'ar Auburn ta Amurka, ya wallafa sakamakon gwajinsa a kan karfasa, masu ƙyanƙyasa suka rungumi dabarar. Ma'aunin da ya yaɗu shi ne miligiram 60 na metiltestosteron, wato homon na maza, a kowane kilo na abinci. A narkar da shi a alkohol, a kwaɓa da garin abincin, a shanya, a ciyar da 'ya'yan kwana 21 zuwa 28 tun jinsinsu bai tsaya ba. In an bi ƙa'ida, sama da kashi 90 cikin 100 maza suke fitowa.

Mai saye yakan tsorata da naman, alhali sinadarin yana barin jikin kifin watanni kafin a kama shi. Ni wanda ya fi damuna shi ne ma'aikacin da ke kwaɓa garin babu safar hannu, babu takunkumi, da kuma ruwan ƙyanƙyasar da ake saki ya gangara rafi.

Wannan damuwa ce ta ƙara wa wata hanya daraja. A shekarun 1990 masana a Jami'ar Swansea ta Birtaniya da takwarorinsu na Filifin suka samar da namiji mai ƙwayoyin gado YY, wato mai ƙwayar gadon namiji (Y) guda biyu maimakon ɗaya, wanda kusan duk 'ya'yansa maza ne. A nan homon yana tsayawa a kan kakannin iri, kifin da za a ci bai taɓa ɗanɗana shi ba.