Waiwaye: Asalin Yazawa da Amfanin Gyaɗarta ga Jiki

Asalin bishiyar yazawa, wadda wasu ke kira kashu, shi ne arewa maso gabashin ƙasar Birazil, inda mutanen Tupi suka daɗe suna shan ruwan 'ya'yanta tun kafin jiragen Turawa su isa gaɓar tekunsu a 1500. Turawan Fotugal ne suka ɗauko ta a ƙarni na 16, suka kai ta Goa da ke yammacin Indiya wajen 1560, suka kuma dasa ta a Mozambik da wasu gaɓoɓin tekun Afirka. Juriyarta ce ta fara jan hankalinsu, domin tana kamawa a rairayin da sauran itatuwa ba sa yi, saiwoyinta kuma suna riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye ta.

Ƙwallon kuwa ya shafe ƙarnuka ba shi da wata kasuwa ta a zo a gani, kuma ɓawonsa ne ya jawo haka. A cikin ɓawon akwai wani mai mai kaifi wanda ke ƙona fata. Duk wanda ya taɓa ganin yara suna gasa ƙwallon a kan tsohon kwano ya san yadda wuta ke tashi, man yana tartsatsi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe wurin, sai an kashe wutar da ƙasa kafin a sa dutse a fasa. Mutanen garin Kollam na jihar Kerala ne suka mayar da wannan aiki mai wahala sana'ar masana'anta a shekarun 1920, inda mata ke fasawa da ɓarewa da hannu, daga nan gyaɗar ta fara shiga kasuwannin Amurka da Turai. A farkon shekarun 1970 Mozambik ce ke kan gaba wajen noma ta a duniya, amma yaƙin basasa ya lalata gonakinta, sannan a shekarun 1990 Bankin Duniya ya matsa mata ta sassauta takunkumin fitar da ɗanyen ƙwallo, abin da ya sa masana'antunta da dama suka rufe, dubban ma'aikata suka rasa aiki. A lokacin ne Biyetnam ta ɗago, ta dogara da injuna, har ta zama ta ɗaya wajen sayar wa duniya ɓararriyar gyaɗar.

A Najeriya an fara manyan gonakinta a shekarun 1950, a wurare irin su Oghe da Oji a gabas, da Iwo da Eruwa a yamma. Yau jihohin Kogi, Kwara, Oyo, Binuwai da Nasarawa na cikin masu noma ta, kuma 'yan kasuwa sun san ƙwallon Ogbomosho da inganci. Kwaddibuwa ce ta fi kowace ƙasa fitar da ɗanyen ƙwallo, nomanta ya haura tan miliyan ɗaya a shekara. Abin takaici shi ne mafi yawan abin da manoman Afirka ta Yamma ke tsinta daga Fabrairu zuwa Mayu ana loda shi ne a buhuna zuwa Biyetnam da Indiya, can ake fasawa, can ayyukan yi da kaso mafi tsoka na ribar suke zama. Su kuma 'ya'yan masu ruwa, waɗanda bitamin C ɗin da ke cikinsu ya ninka na lemun zaƙi kusan sau biyar, yawanci ana cire ƙwallon ne a bar su su ruɓe a gindin bishiya, saboda ba sa kwana biyu ba su lalace ba.

Abin da ake fitarwar nan abinci ne mai gina jiki. A cikin giram 100 na gyaɗar yazawa akwai kimanin kalori 550, da furotin giram 18, da mai giram 44, kuma galibin man irin wanda ke cikin man zaitun ne, wanda likitoci suka fi so ga lafiyar zuciya fiye da kitsen nama. Tana ɗauke da sinadarin maganiziyam mai taimaka wa ƙashi da jijiyoyi, da sinadaran ƙarfe (ayon) da jan ƙarfe (kofa) waɗanda jiki ke buƙata wajen haɗa jini, da zink mai ƙarfafa garkuwar jiki. A gidajen da nama ya yi tsada, wannan ba ƙaramin taimako ba ne ga yara da mata masu juna biyu.

Sai dai yawan man da ke cikinta ya sa cikin tafin hannu ɗaya, wato kamar giram 30, ya isa mutum a rana, kuma wadda aka cika wa gishiri ba ta dace da mai hawan jini ba. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓarta sam, da zarar sun ci sai ƙaiƙayi da kumburin fuska ko sarƙewar numfashi, wanda ke buƙatar a garzaya da su asibiti nan take. Ƙananan yara kuma a niƙa musu ita a zuba a kunu ko koko, don kada ta shaƙe su.