Kuɗin Riƙon Shafin Intanet na Kasuwanci

Kuɗin riƙon shafin intanet shi ne duk abin da ɗan kasuwa yake kashewa bayan an gama gina masa shafi, domin shafin ya ci gaba da buɗewa, ya tsira daga masu kutse, kuma bayanan da ke cikinsa su dace da halin da ake ciki. Ya bambanta da kuɗin gini, wanda ake biya sau ɗaya. Wani sashe nasa shekara-shekara ake biya, wani wata-wata, wani kuma sai matsala ta taso. A Jihar Kebbi, inda masu casar shinkafa, dillalan albasa, masu otal da makarantun kuɗi suka fara buɗe shafuka, wannan kuɗi yana iya zama sanadin mutuwar shafi, domin da yawa suna ɗaukar shafin kamar gidan da aka saya, alhali ya fi kama da rumfar haya a kasuwa.

Sunan shafi

Adireshin da ake rubutawa a shiga shafi, wanda masu sana'ar suke kira domen, ba a sayen sa dungurungum. Hayarsa ake yi, daga shekara 1 zuwa 10. Sunayen da suke ƙarewa da .com suna hannun kamfanin Verisign na Amurka, a ƙarƙashin yarjejeniya da hukumar ICANN mai kula da tsarin sunayen intanet na duniya, kuma a watan Satumba na 2024 farashin sarinsu ya kai dala 10.26 a shekara, kafin dillali ya ɗora ribarsa. Waɗanda suke ƙarewa da .ng da .com.ng kuwa ƙungiyar NiRA ce take kula da su, kuma da naira ake biyan su. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ƙaramin ɗan kasuwa a Jega ko Yawuri, wanda masu sayen kayansa 'yan gida ne, ya zaɓi .com.ng.

Kuɗin suna shi ne mafi ƙanƙanta a cikin duk abin da ake biya, amma sakaci da shi ya fi komai tsada. Ƙa'idar ICANN ta wajabta wa dillali ya aika tunatarwa wajen wata guda kafin wa'adi ya cika, ya sake aikawa saura mako guda. Idan wa'adin .com ya wuce, akwai ɗan lokacin sassauci, sannan sunan ya shiga kwana 30 na fansa, inda sai an biya tara mai yawa kafin a dawo da shi. Bayan nan sai a sake shi, kowa yana iya ɗauka. Mai otal a Argungu da ya buga adireshinsa a allon ƙofa, da takardun rasit, da jikin mota, idan ya rasa sunan, ya rasa duk wannan tallar, kuma imel ɗin kasuwancinsa ya mutu tare da shi.

Masauki

Hotuna, rubutu da manhajar shafi suna zaune ne a kan wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, wadda ake kira uwar garke ko saba. Hayar wuri a kanta shi ake kira hostin. Mafi araha shi ne masaukin tarayya, inda shafuka da yawa suke zaman gidan haya a kan na'ura ɗaya, kuma ya wadaci shafin da aikinsa nuna kaya da lambar waya. Shafin da ake ciniki a kansa, ko na makarantar da ɗaruruwan iyaye suke duba sakamako a rana ɗaya, yana bukatar wuri mafi girma. Kamfanoni da dama suna rage farashin shekarar farko sosai, sai farashin sabuntawa ya dawo na ainihi, don haka farashin shekara ta biyu ne ya kamata a tambaya tun kafin a biya ta farko. A kan wannan kuma ana ƙara harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin 100 tun Fabrairun 2020.

Dala

Babu abin da ya sauya wannan lissafi a Najeriya kamar faɗuwar naira. Kafin Yunin 2023, dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Bayan Babban Bankin Najeriya ya saki farashin canji a wannan wata, ta haura 700, kuma a farkon 2024 ta wuce 1,500. Wanda yake biyan dala 100 a shekara don masauki da lasisin manhaja, kuɗinsa ya tashi daga wajen naira 46,000 zuwa 150,000 ba tare da an ƙara masa komai ba. Kamfanonin cikin gida ma ba su tsira ba, domin da yawansu a Turai ko Amurka suke hayar na'urorinsu, kuma da dala suke biyan lasisin manhajojin da suke aiki da su.

Akwai kuma wahalar biyan kanta. A 2022 bankuna da dama sun rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka rufe ƙofar gaba ɗaya, sai a 2025 wasunsu suka fara buɗewa. A tsakanin nan, ɗan kasuwa yana iya riƙe da kuɗinsa a hannu amma ya kasa sabunta shafi, sai ya bi ta hannun mai asusun dala ko katin dala na manhajar waya, kowanne da ladansa.

Shaidar tsaro

Ɗan kwaɗon makulli da yake bayyana a gefen adireshi a wasu manhajojin buɗe shafi alama ce ta shaidar SSL, wadda take ɓoye abin da ke wucewa tsakanin mai ziyara da shafi. Tun Yulin 2018 manhajar Chrome take yi wa shafin da ba shi da ita tambarin rashin tsaro. A da sayen ta ake yi, amma wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt ta fara bayar da ita kyauta a ƙarshen 2015, mai wa'adin kwana 90, kuma yawancin masaukai suna sabunta ta da kansu. Ƙaramin shafi ba ya bukatar ta kuɗi, kuma bai dace a caji ɗan kasuwa kuɗi mai yawa a kanta ba tare da an faɗa masa akwai ta kyauta ba.

Aikin hannu

Nan ne kuɗin ya fi yawa, nan ne kuma aka fi ƙyashin biya, saboda aikin ba ya ganuwa. Sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya an gina su ne da WordPress, manhajar da ta fito a 2003. Ita kanta kyauta ce, amma ana ɗora mata ƙananan manhajojin ƙari na kwandon ciniki, fom, tsaro da sauransu, kuma yawancin kafofin da masu kutse suke bi daga waɗannan ƙari suke fitowa. Dole wani ya riƙa sabunta su, ya duba ko sabuntawar ta ɓata wani abu, ya ajiye kwafin shafi a wani wuri dabam da masaukin, ya kuma gwada cewa kwafin yana dawowa. Harshen rubuta manhaja na PHP da WordPress take tafiya a kansa ma yana tsufa: an daina yi wa sigar 7.4 gyaran tsaro a Nuwamban 2022, kuma shafin da aka bari a kanta yana fuskantar ko dai kutse, ko ya lalace ranar da masauki ya tilasta sauyi.

Masu kutse ba sa zaɓen babban kamfani. Na'urori suke sakewa suna bin shafuka ɗaya bayan ɗaya suna neman ƙofar da aka bari a buɗe. Idan suka shiga, sukan cika shafin da tallar caca, ko su mayar da shi wurin aika saƙon damfara, har Google ya sa masa gargaɗi. Wanke shafin da aka lalata yakan fi kuɗin kulawar watanni da yawa, kuma idan babu kwafi, sai dai a sake gini. Rigakafi ya fi magani.

A Birnin Kebbi da kewaye, masu wannan aiki galibi matasa ne da suka koya a makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru ko Jami'ar Aliero, ko suka koya da kansu. Ana biyan su ko dai da yarjejeniyar wata ko shekara, ko kuma duk lokacin da aka kira su. Ladansu yana ɗauke da nasu nauyin: man janareto da ya yi tsada bayan cire tallafi a Mayun 2023, kuɗin data da ya tashi bayan hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, da batir ko sola na lokacin da babu wuta.

Babbar matsalar da take tasowa a nan ita ce ta mallaka. Sau da yawa mai gini yakan yi rajistar suna da masauki da imel ɗinsa da lambar wayarsa, don sauƙi, ba da mugun nufi ba. Sai ya tafi bautar ƙasa, ko ya sami aiki a Abuja, ko ya sauya layi, tunatarwar sabuntawa tana zuwa inda babu mai karantawa. Alhaji yana ganin shafin nasa ne tunda shi ya biya, amma a takarda na wani ne. Daidai shi ne a yi rajista da sunan mai kasuwancin da imel ɗin da yake hannunsa, a ba mai gini izinin shiga kawai, a kuma rubuta ranakun sabuntawa a littafin shago.

Sabunta bayani ma aiki ne. Farashin shinkafa da albasa yana motsi daga kaka zuwa bazara, wani lokaci daga ranar kasuwa zuwa ta gaba. Shafin da yake nuna farashin bara yana jawo wa mai shi gardama da zargin rashin gaskiya.

Ladan karɓar kuɗi da doka

Shafin da yake karɓar kuɗi ta kati yana biyan lada a kan kowane ciniki. Kamfanin karɓar kuɗi ta intanet na Paystack, misali, ya daɗe yana cire kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100 a cinikin cikin gida, iyakar ladan naira 2,000. A cinikin naira 60,000, ladan naira 1,000 ke nan. Ga mai sarin hatsi da ribarsa a buhu ba ta da yawa, wannan abin sakawa ne a lissafi. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ɗora wa duk mai tattara sunaye, lambobin waya da adireshin jama'a alhakin tsare su, wanda ya fi shafar makarantu da asibitoci masu zaman kansu.

Katsewar sadarwa

Haya ba ta tsayawa don an rasa intanet. A Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, shafukan 'yan kasuwar Gusau da Talata Mafara sun ci gaba da buɗewa ga mutanen waje, domin na'urorinsu ba a jihar suke ba, amma masu su ba su da hanyar ganin saƙo ko biyan sabuntawa sai sun fita zuwa inda ake samun layi. Wanda wa'adinsa ya faɗo a irin wannan lokaci yana cikin haɗarin rasa shafi, shi ya sa biyan shekara biyu ko uku na suna a gaba yake da amfani a wannan yanki fiye da wasu wurare.

Saboda duk wannan, ƙananan 'yan kasuwa da dama sun tsaya a Facebook, Instagram da WhatsApp, inda babu kuɗin suna ko masauki. Ga mai sayar da turare, kilishi ko ɗinki, hakan yakan wadatar, ko da yake kayan aro ba ya rufe katara: kamfanin yana iya rufe asusun ko sauya ƙa'ida ba tare da shawara ba. Mai injin casa da yake neman kwangila daga Legas, ko mai fitar da albasa ta iyakar Kamba, shi ne ya fi bukatar shafi da imel mai sunan kamfaninsa, domin manyan masu saye sukan duba su kafin su tura kuɗi.