Kaset ɗin da ka jira fitowarsa: tambayoyin ɗan ƙanwata da amsoshina

A hutun babbar sallah ɗan ƙanwata ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin gadon tsohon ɗakina, cike da kaset-kaset da ƙura. Shekararsa 17, bai taɓa saka kaset a rikoda ba. Cikin tarin akwai guda ɗaya da na naɗe a leda daban: House of Exile, na Lucky Dube da makaɗansa, wanda ya fito a 1991. A kansa tambayoyi suka ɓarke har aka kira magariba. Ga su nan, da amsoshin da na ba shi, na ɗan ƙara abin da ban samu faɗa ba a ranar.

Kawu, kaset sun fi hamsin a kwalin nan. Me ya sa wannan kaɗai ka naɗe?

Domin shi ne na farko da ya fito bayan na riga na kamu da son mai shi. Sauran duk gado ne. Slave na 1987 da Prisoner na 1989 a hannun babban yayanmu na same su, sun sha juyi, kowa a unguwa ya san waƙar da ta fi daɗi a cikinsu da wadda ake tsallakewa. An riga an yanke musu hukunci, ni dai na tarar ana so ne na bi sahu.

Wannan kuwa da ni aka jira shi. Ranar da na saka shi a rikoda babu wanda zai ce min "saurari ta uku, ita ce magana". Ni da yayan namu da ya girme ni da shekara takwas duk ɗaya muka zama, babu wanda ya riga wani ji. Ga yaro ɗan sakandare wannan ba ƙaramin matsayi ba ne. Duk mai son wata ƙungiyar mawaƙa yana da irin wannan kundi guda ɗaya, kuma in ka tambaye shi zai gaya maka shagon da ya saya da rigar da ke jikinsa ranar.

Shi wane ne, kuma me ya haɗa ɗan Kano da mawaƙin Afirka ta Kudu?

An haifi Lucky Dube a 1964 a garin Ermelo. Da kiɗan mbaqanga ya fara, da harshen Zulu, kafin ya koma rege a 1984, kuma gwamnatin wariyar launin fata ta hana yaɗa faifansa na farko na rege. Ƙungiyar makaɗan da ke bayansa The Slaves ake ce musu. Ni a kunnena rabin daɗin nasu ne: fiyanon nan mai kamar kuka, da matan da ke amshi.

Lokacin kuma rege ne ke tashe a Najeriya. Bob Marley ya rasu a 1981 amma kaset ɗinsa na kowane shagon aski, ga Majek Fashek da Ras Kimono daga Legas. Sannan maganar Afirka ta Kudu ba baƙuwa ba ce a gare mu, kullum tana cikin labaran rediyo. An saki Nelson Mandela ranar 11 ga Fabrairu 1990, muna ji a sashen Hausa. To sai ga kundi ya fito shekara guda bayan nan, waƙar da ta ba shi suna tana magana a kan ɗan gwagwarmayar da ke gudun hijira a wata ƙasa yana begen gida. Turancinmu na aji huɗu ya isa mu gane wannan.

Babu intanet, babu waya. Ta yaya ka san ya fito?

Da kunne da ƙafa. Wani ɗan ajinmu ya dawo daga hutu a Kaduna ya ce ya ji wata sabuwar waƙa a motar haya, murya dai ta mutumin ce amma ba ta cikin waɗanda muka sani. Ya rera mana ɗan abin da ya riƙe, ya ɓata shi sarai. Daga nan na mayar da shagunan kaset na wajen Bata wurin zuwa duk Asabar. Sau uku ina zuwa mai shagon yana ce min "bai iso ba, samari, sai kaya sun zo daga Legas". A na huɗu tun daga nesa ya ɗaga min hannu.

Ranar fitowa a wurinmu ita ce ranar da kaya suka sauka. Abin da kamfani ya rubuta a can Johannesburg bai shafe mu ba. Kundi yana iya yin watanni a duniya kafin ya zama sabo a Kano.

Ba ni labarin ranar, kawu.

Lokacin sanyi ne, hazo ya rufe gari. Kuɗin tara na sati biyu na haɗa, da ɗan abin da kakarka ta ba ni na kai niƙa na ƙi mayar da canji (ta sani, ta dai yi shiru). Na ɗaure su a aljihun wando na hau bas zuwa Bata.

Shagon ɗan ƙarami ne, bango uku duk kanta, kaset jere kamar bulo: wa'azi da karatun Alƙur'ani a sama, na Indiya a dama, na Turanci a hagu, ga lasifika a bakin ƙofa tana ta ruri. Ya miƙo min shi cikin ledarsa. Al'adar wurin ita ce a gwada maka kafin ka biya, don a tabbatar zaren bai shaƙe ba. Ya yage ledar da farce, ya saka, ya danna. Daƙiƙa kamar goma na ji na ce ya kashe. Ya dube ni, ya ce "ba ka so ne?" Na ce ina so, ban dai so in fara jinsa a tsakiyar kasuwa ba ne. Dariya ya yi ya kira maƙwabcinsa ya ba shi labari.

A bas ɗin dawowa na zare takardar cikin kwalin na karanta sunayen waƙoƙin har na haddace su kafin mu iso unguwa. Da na isa gida babu wuta. Batir huɗu ke cikin rikodar yayanmu, biyu sun yi sanyi, sai da na shanya su a kan katanga suka sha rana. Bayan isha'i muka taru mu biyar a shagon samari da ke jikin zaure, muka rage murya ƙasa-ƙasa don kakanka ba ya son jin wannan kiɗa a gidansa. Babu wanda ya yi magana har ɓangaren farko ya ƙare, rikodar ta yi ƙas. Na juya shi. Wajen tsakiyar ɓangare na biyu muryar ta fara ja, tana kauri kamar mai jin barci, batir ya ƙare. Ƙarshen kundin sai washegari na ji shi.

Orijina ne ko kwafi?

Ga shi a hannunka, duba hoton. Ka ga launin ya ɗan zarce layi? Kwafi ne mai kyau, an dai yi masa leda. A lokacin ko a jikina. Sai da na girma na fahimci cewa da wuya ko kwabo ɗaya daga kuɗin taran nan ya isa hannun mutanen da suka yi kiɗan.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma abin da ya bambanta shi da faifan garmaho shi ne kowa na iya ɗauka a kansa. Mai rikoda biyu da kaset ɗin TDK wanda babu komai a ciki ya zama ɗan ƙaramin kamfani. Da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnati, wato SAP, ya zo a 1986 naira ta faɗi, kayan waje suka yi tsada, faifai ya fi ƙarfin talaka, manyan kamfanonin waƙa na Turai suka tattara suka bar harkar a hannun 'yan ƙasa. Gwamnati ta yi dokar haƙƙin mallaka a 1988, amma doka a takarda take, kasuwa kuma tana Alaba a Legas da Ƙofar Wambai a nan Kano, inda ake buga kaset a rarraba har Nijar da Kamaru da Chadi. Satar fasaha ce, ba na yi mata kwalliya. Sai dai ba don ita ba, da yaro irina bai taɓa riƙe wannan kundi ba. Duka biyun gaskiya ne.

To shi ne ya fi sauran daɗi?

A'a. In za a yi adalci Prisoner ya fi shi, kuma ko a daren farko na ji haka a raina, na dai ƙi faɗa. Wa zai kashe kuɗin tara na sati biyu sannan ya ce abin bai kai ba? Sai na yi ta saurare. Kaset ba ya barinka ka tsallake waƙa cikin sauƙi, tura zare gaba cin batir ne, don haka wadda ba ka so ma dole ka zauna da ita. Bayan sati uku, waƙoƙi biyu da na raina da farko su ne na fi nema.

Me ya sa mutum ke tuna irin wannan rana dalla-dalla, alhali ya manta abin da ya ci shekaranjiya?

Abu biyu ne suka haɗu. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa in ka ce dattijo ya ba ka labarin rayuwarsa, yawancin abin da zai kawo daga tsakanin shekara 10 zuwa 30 ne, lokacin da kusan komai karon farko ne kuma mutum ke zaɓar ko shi wane ne. Waƙar da ta same ka a wannan tsakanin tana manne da kai.

Na biyu shi ne jiran kansa. A 2011 masu bincike a jami'ar McGill ta Kanada sun nuna cewa ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin dopamine, mai alaƙa da jin daɗi, ba a daidai gaɓar da waƙa ta fi ratsa mutum kaɗai ba, har da 'yan daƙiƙun da ke gabanta, lokacin da yake sa ran isowarta. Su daƙiƙu suka auna. Nawa lissafin, wanda ba na ɗakin bincike ba ne, shi ne Asabar huɗu ina zarya zuwa Bata ta yi irin wannan aikin a babban sikeli.

Mawaƙanmu na Hausa fa? Su ma haka ake jiran nasu?

Da ɗan bambanci. Mu ma muna da ƙungiya, ai Musa Ɗanƙwairo ba shi kaɗai yake tsayawa ba, da 'yan amshinsa da makaɗan kotso, haka Mamman Shata da masu kalangunsa. Amma sabuwar waƙarsu ba a shago take fara fitowa ba. A fada ake fara jinta, ko gidan biki, ko a rediyon Kaduna, kaset daga baya yake biyowa, sau da yawa ma wani ne ya ɗauka a wurin taron, kana jin guɗa da hayaniyar jama'a a ciki. Masoyin Shata ba ya cewa ya sayi sabon kundi, cewa yake ya samo wadda aka yi wa wane. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, kuma har yau ana tono waƙoƙinsu da ba kowa ya taɓa ji ba.

Jiran ranar fitowa irin wanda nake ba ka labari ya shigo waƙar Hausa sosai ne da finafinai, a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da ake sakin kaset ɗin waƙoƙin fim kafin fim ɗin ya fito. Mahaifiyarka ta fi ni sanin wannan babin, ka tambaye ta.

Wannan biron me yake yi a cikin kwalin?

Kayan aiki ne. Ana zura shi a ramin kaset a juya da hannu a mayar da zare baya, don a tanadi batir. In kuma rikoda ta cinye zaren, da shi ake lallaɓawa a naɗe. Duba nan kusa da farko, ka ga ɗan tabon ja? Tsinkewa ya yi, na haɗa da jan farcen mahaifiyarka. Har yau in na ji waƙar a waya, kunnena na jiran ɗan tsallen da take yi a daidai wurin.

Mu da komai ke cikin waya, mun yi asara ke nan?

Ba zan ce haka ba, kada in zama irin tsofaffin da na sha alwashin ba zan zama ba. Kuna jin abin da ba mu taɓa mafarkin ji ba, a daren da ya fito. Tun Yulin 2015 ma kamfanonin waƙa na duniya suka tsayar da Juma'a ranar fitar da sabbin kundaye, ɗan Kano da ɗan Landan rana guda suke ji. Kuma ai na ga yadda kuke hana idonku barci kuna jiran sha biyun dare, jira dai bai mutu ba.

Abin da ya ragu shi ne kasada. Kafin wayoyin nan, zamanin masu tura waƙa a memori a kasuwar waya ta Farm Centre ya riga ya mayar da waƙa abin da ake auna wa mutum ɗari-ɗari. In ba ta kama ka a daƙiƙa ashirin ba, ka wuce, ba ka yi asarar komai ba. Wataƙila shi ya sa a Amurka faifan garmaho ya dawo, har a 2022 aka sayar da shi fiye da CD, karon farko tun 1987. Masu sayensa da yawa matasa ne da waƙoƙin ke cikin wayarsu tuni.

Ka ci gaba da sayen nasa bayan wannan?

Na sayi Victims a 1993, na sayi Taxman a 1997, daga nan aiki da aure suka ɗauke hankalina. Na ƙarshensa, Respect, ya fito a 2006, ban saya ba, na ce sai na samu lokaci. Ranar 18 ga Oktoba 2007 'yan fashin mota suka harbe shi a unguwar Rosettenville ta Johannesburg, ya kai 'ya'yansa gidan ɗan'uwa. Ina wurin aiki na ji a rediyo. Da na koma gida ranar ne na nemo wannan kaset ɗin na naɗe shi a leda.

Zai yi aiki yanzu, kawu? Ina son in ji.

Zaren na nan lafiya, sai dai a goge kan rikoda da auduga da sifirit. Rikodar ce babu. Akwai wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwa da nake ganin tsofaffi jibge a shagonsa. Gobe bayan azahar ka shirya mu je, ka taho da biron.