Ƙurar hunturu da zuciyar tsofaffi: tambayoyi da amsoshi

Me ya haɗa ƙura da zuciya? Ba huhu take kamawa ba?

Ta huhu take shiga, amma ba nan ɓarnarta ke tsayawa ba. Hazon da ke rufe Yamai daga Nuwamba zuwa Maris, wanda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na Cadi, yana ɗauke da ƙwayoyin da ake kira PM2.5, waɗanda silin gashi ya fi su kauri kusan sau 30. Akwai su kuma a hayaƙin itace, da na bolar da ake ƙonawa da yamma, da na tsofaffin motoci. In sun kai can cikin huhu sai su tayar da kumburi, jijiyoyin jini su tsuke, jini ya hau, bugun zuciya ya rikice. Saurayi zai jure. Amma dattijon da hawan jini ya daɗe yana cin zuciyarsa, sai ta kasa tura jini, ruwa ya taru masa a huhu.

An tabbatar da haka?

A 2013 mujallar Lancet ta buga nazarin da ya haɗa bincike 35. Duk ƙarin maikurogiram 10 na waɗannan ƙwayoyi a mita kubik na iska, kwanciya asibiti ko mutuwa saboda gazawar zuciya na ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin 100, kuma illar ta fi bayyana a ranar da aka shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ma'aunin yini ya wuce maikurogiram 15 a mita kubik. Ranar hazo mai kauri muna wuce haka nesa ba kusa ba.

Yaya za a bambanta gazawar zuciya da mura?

Nan ne ake yawan yin sakaci, a ce sanyi ne ya kama Baba, a dafa masa citta. A duba ƙafarsa: in an danna da yatsa gurbin ya tsaya, ruwa ne. In ba ya iya kwanciya sai ya jingina da matashi biyu, ko ya farka tsakar dare yana haki, ko zuwa masallacin unguwa ya gagare shi, a kai shi asibiti a ranar, da kwalayen magungunansa duka.

Kaskon gawayi a ɗaki fa?

Wannan ya fi ƙurar tayar mini da hankali. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar wari da ke hana jini ɗaukar iskar numfashi. Gara a ƙara wa tsoho bargo.

Takunkumi yana taimako?

Na N95, wato mai matattara da ke manne wa fuska sosai, yana tare ƙananan ƙwayoyin. Rawani da mayafi manyan kawai suke tarewa. Mai ciwon zuciya ya tambayi likitansa kafin ya saka, kuma kada ya tsallake maganin hawan jini ko na kwana ɗaya.