Tallafin Bincike Ga Ƙananan Masana'antu: Tambayoyin Da Masu Sana'a Ke Yi Mini A Jos

Wani mai walda a Dilimi ya zo mini da hoton na'urar busar da tumatir mai aiki da hasken rana, wadda ya ƙera da hannunsa. Ya ji ana cewa gwamnati na ba da kuɗin bincike, yana son sanin ko irinsa na samu. Tambayoyinsa su ne dai waɗanda nake yawan ji, shi ya sa na tattara su a nan.

Shin tallafin bincike rance ne?

A'a. Rance ana biya, kamar wanda Bankin Masana'antu, BOI, ke bayarwa. Tallafin bincike ba a mayarwa, amma kuma ba jarin saro kaya ba ne. Kuɗin gwaji ne, na abin da ba a riga an tabbatar zai yi aiki ba. Mai son ƙara injin niƙa na biyu, rance ya dace da shi. Wanda kuwa ke neman gano yadda tumatirin Farin Gada zai bushe da wuri ba tare da ya yi baƙi ba, shi ne ke bincike, ko da bai taɓa shiga aji a jami'a ba.

Me zai sa gwamnati ta ba da kuɗin da ba za a dawo mata da shi ba?

Saboda banki ba ya zuba kuɗi a abin da zai iya lalacewa, ƙaramin mai sana'a kuma ba shi da ƙarfin ɗaukar asarar gwaji uku ko huɗu. Amurka ta gane haka tun 1982, lokacin Shugaba Ronald Reagan, ta kafa shirin SBIR, na ba ƙananan kamfanoni tallafin bincike. Duk hukumar tarayya da ke kashe sama da dala miliyan 100 a shekara kan binciken da ake yi mata a waje, dole ta ware kashi 3.2 cikin 100 domin kamfanonin da ma'aikatansu ba su wuce 500 ba. Abin da ya fi burge ni shi ne hawa-hawan da suke yi. Da farko kuɗi kaɗan za a ba ka, ka nuna cikin watanni cewa dabararka mai yiwuwa ce. In ka tsallake, sai a ƙara maka na kimanin shekara 2 ka ƙera samfurin. Daga nan sai ka nemi kasuwa da kanka. Qualcomm, da ake amfani da kayansa a wayoyin hannu da yawa, ya ci moriyar shirin yana ƙaramin kamfani.

Amma fa na Amurkawa ne, a can kuma ake aikin. Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa zai samo maka shi daga Jos, ƙarya yake.

To mu a Najeriya fa?

Nan ne abin ke mini ciwo. Kuɗin binciken da ya fi tsari yana hannun TETFund, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu, malaman jami'o'i da kwalejojin gwamnati ne kuma ke nemansa. Mai walda ba zai iya cike fom ɗin da sunansa ba, alhali shi ya san inda injin ke ciwo. Sauran ƙofofin a warwatse suke. Hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, SMEDAN, da aka kafa a 2003, ta fi ba da horo da tallafin bunƙasa sana'a. Hukumar RMRDC a Maitama, Abuja, tana bincike kan sarrafa albarkatun cikin gida. Hukumar NOTAP na taimaka wa masu ƙirƙira su yi wa fasaharsu rajistar mallaka. A watan Oktoba na 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar sabbin kamfanonin fasaha, wadda ta tanadi asusun tallafa musu, amma sai kamfanin da bai wuce shekara 10 ba, kuma ya samu shaidar da ake bayarwa ta hannun NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa.

Ni da ke Jos, ta ina zan fara?

Ta wajen masu bincike, kafin wajen masu kuɗi. Allah ya yi mana arziki da su a kusa: Jami'ar Jos, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke aiki tun 1924, da tashar binciken dankalin Turawa a Kuru. Ɗauki na'urarka ka kai wa malamin da fanninsa ke nan. Shi yana buƙatar matsala ta gaske da zai rubuta neman tallafi a kanta, kai kana buƙatar ɗakin gwaji da sunan cibiya. Sai dai kafin ka buɗe masa cikin injinka, ku rubuta yarjejeniya kan wanda ya mallaki dabarar da yadda za a raba abin da ta haifar. Na ga wanda ya yi sakaci da wannan, aikinsa ya fito da sunan wasu.

Wace takarda zan tanada?

Rajistar CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni rajista, lambar haraji, da asusun banki da sunan sana'ar. Sannan littafin gwaji, wanda kusan kowa ke mantawa da shi. Rubuta ranar da ka gwada, kwando nawa ka zuba, awa nawa ya ɗauka, nawa ya lalace. Masu tantancewa sun fi yarda da wannan littafin a kan dogon Turanci.

An ce in biya kuɗin fom da na "mai shigar da suna". In biya?

Kada ka biya. Duba shafin hukumar na intanet, wanda adireshinsa ke ƙarewa da gov.ng, ko ka taka zuwa ofishinta ka tambaya da bakinka. Mai waldan Dilimi ma an nemi ya tura kuɗi a asusun wani mutum. Na ce masa ya sayi ma'aunin zafi da kuɗin, ya fara cike littafinsa.