Fijo wagon ta gado: a san halinta kafin a sa mata hannu

Shekara uku ke nan da na karɓi makullin fijo 504 wagon ɗin kawuna, wadda ya daɗe yana lodi da ita tsakanin Jega da Yawuri kafin ciwon gwiwa ya hana shi taka kulochi. Tun daga ranar, duk inda na faka a Birnin Kebbi sai wani ya leƙo ta taga: mai son saye, mai irinta kwance a ƙofar gida tayoyi sun sace, da mai ba ni shawarar da ban nema ba. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda. Ni malamin makaranta ne, ba bakanike ba. Abin da na sani a inuwar dogonyaron gareji na koye shi, wani kyauta, wani kuma da kuɗin aljihuna.

Malam, wai me ke cikin motar nan da ta ƙi ƙarewa?

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. Wagon ɗin ta biyo baya a 1971, daga cikin ire-irenta akwai Break mai kujeru layi biyu da filin kaya, da Familiale mai layi uku, wadda ita ce ta cika tashoshinmu. A 1975 kamfanin PAN, wato Peugeot Automobile Nigeria, ya fara harhaɗa motocin fijo a Kakuri, Kaduna, a shekarar ce kuma 504 ta cinye gasar tseren motoci ta Safari a Kenya. Turai ta daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita sama da shekara ashirin bayan haka. Shi ya sa har gobe ba ka rasa bakaniken da ya san cikinta, ko a Kamba ne ko a Zuru.

Sirrinta sauƙi. Babu kwamfuta a jikinta; kafireto ne, da kwantak, da fulogi huɗu. Tayoyin baya ne ke tura ta, farfelar kuma a cikin wani bututun ƙarfe take gudu, a killace daga dutse da ƙasa. Kada ka ɗauka wagon salun ce da aka ƙara wa but. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 2.90 ce, ta salun kuwa 2.74, sannan aksil ɗinta na baya sandararre ne mai sifirin huɗu, biyu a kowane gefe. Tun daga zane don ɗaukar kaya aka yi ta.

Na ga wata a Argungu, farashin ya yi mini. Me zan fara dubawa?

Takardu tukuna. Lambar chasis da ta inji da ke jikin mota su dace da na takarda, harafi da harafi. In mai ita ya fara cewa "ai wannan ba matsala ba ce", yi masa sallama cikin mutunci.

Bayan takardu sai jiki, don inji ana iya sabunta shi, amma jikin da tsatsa ta cinye sai dai a yi ta faci. Ɗaga shimfiɗar ƙasa ka ga ƙarfen da idonka, musamman wajen ƙafar direba da ƙasan but. Motocinmu na nan sun ɗauki ɗanyen kifi, da gishiri, da takin zamani, dukkansu kuwa abokan gaban ƙarfe ne. Buɗe bonet ka duba inda kawunan shokazoba na gaba suke zaune. Buɗe ƙofofi biyar ɗin ka rufe ɗaya bayan ɗaya. In sai an ɗaga ƙofar baya kafin ta kama, lodi ya riga ya lanƙwasa jikin.

Ka je ganinta da sassafe, bayan sallar asuba in da hali, ka ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyinsa. Injin da aka ɗumama kafin isowarka yana ɓoye aibi. Buɗe murfin baƙin mai: in ka ga abu kamar kunun gyaɗa, ruwa na shiga mai. A tayar da ita kana tsaye bayan salansa. Shuɗin hayaki, tana ƙona baƙin mai. Baƙi, fetur ya yi yawa, wannan yawanci aikin saiti ne. Farin da ya ƙi ɗaukewa bayan ta yi ɗumi, ruwa ne, a nan sai ka rage tayi sosai. Daga nan ku hau titi, a kashe rediyo, ka saurari kukan aksil daga baya.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ka ware kuɗin gyara tun kafin ka biya na saye.

Yaya, ta shigo hannuna. Da wane sauyi zan fara?

Da babu. Wannan ita ce maganar da ta fi ba matasa haushi, ita ce kuma wadda na fi tsayawa a kanta. Ka mayar da ita yadda kamfani ya yi ta tukuna: juye, sabon filta na mai da na fetur, fulogi, kwantak, saitin bawul, fanbel, tiyon lagireto duk wanda ya yi laushi ko ya tsage, da sabon man birki, don man birki yana shan danshi, bai kamata ya wuce shekara biyu ba. Sannan ka yi wata guda kana tuƙa ta ba tare da ka ƙara mata komai ba.

Ka ajiye ɗan littafi a aljihun gaba. Cika tanki, rubuta kilomita, in ka sake cikawa ka rubuta lita nawa ta sha. Rubuta inda allurar zafi ke tsayawa da safe da kuma bayan azahar, da irin ƙarar da take yi in ta faɗa rami. Wanda bai san lafiyar motarsa ba, ranar da aka saka mata sabon abu ta fara tari, ba zai gane ko sabon abun ne ya jawo ko tsohon ciwo ne ya tashi ba. A nan ne kuɗi ke zurarewa.

Bakanikena ya ce zafin Kebbi ya fi ƙarfin tamostat, a cire shi. Gaskiya ne?

Zafin dai gaskiya ne. Daga Maris zuwa Mayu ma'auni kan haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka. Amma tamostat ba shi ke kawo zafi ba. Ƙofa ce da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, daga nan ta buɗe. In ya mace a rufe, a sa sabo. In an cire shi gaba ɗaya, da safiyar hunturu injin zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, ringi su riƙa cinyewa a hankali, ainihin ciwon kuma yana nan inda yake. Ciwon yawanci lagireto ne da ruwan rijiya ya toshe da gishirinsa, ko murfin lagireto da ya saki, ko fanbel mai sako-sako, ko famfon ruwa, ko wutar da aka saita ta makara.

Dalilin da ya sa nake tsananta wa maganar zafi shi ne ginin injin kansa. Jikinsa baƙin ƙarfe ne, kansa kuma alminiyam, wanda ke lanƙwashewa in ya tafasa. Silindojin ba a jikin injin aka huda su ba. Silif ne guda huɗu da ake zurawa, ruwa na kewaye da su kai tsaye, kowanne na zaune a kan siririn abin toshiya, kan injin ne ke danne su. Alherin wannan tsari, ana iya zare silif da fistin a sa sababbi, inji ya dawo ɗanye, shi ya sa fijo ɗaya ke ganin jikoki. Sharrinsa, in an cire kan inji aka juya injin ba a danne silif ɗin ba, sai su ɗaga, toshiyar ta lalace.

Ni ma a jikina na ji. Wata ranar Afrilu tsakanin Koko da Jega ta tafasa, allurar zafi kuwa ta daɗe da mutuwa ina ta cewa gobe. Wani mai gyara a bakin hanya ya cire kan, ya canza gaskit, ya yi ta juya injin yana goge fistin, ni kuma ina gefe ina yaba masa tsabta. Kwana shida baƙin mai ya koma kunu. Da na faɗa wa kawu, bai ce komai ba sai "Allah ya ƙara ilimi".

Saboda haka sauyin farko da na yarda da shi a nan ne: a wanke lagireto ko a sa mai layi da yawa, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske maimakon na rijiya, a gyara allurar zafi, in da hali a ƙara fankar lantarki a gaba saboda cunkoson kasuwa.

To batun cire injin a sa na Jafan fa?

Ana yi, wasu ma yana yi musu aiki. Sai dai ka san abin da kake saye. Injin 504 mai lita biyu, XN1, a kwance yake zuwa gefe, ramin bonet ɗin ma don shi aka yanka. Baƙon inji yana buƙatar sabon mazauni, da haɗa shi da giya, da tsarin farfelar nan mai bututu, da salansa, da wayoyi. Duk mahaɗa guda wurin ciwo ne nan gaba, kuma ranar da ta tsaya maka a ƙauye, motar ta zama wadda mutum ɗaya tak ya san yadda aka ɗinke ta. In ka yi, ka je ofishin lasisi a sa sabuwar lambar inji a takarda, kada magana ta taso a shingen hanya.

Akwai sauyi biyu da suka fi wannan sauƙi da riba. Na farko, maye gurbin kwantak da wutar lantarki mara kwantak. Ta fi saurin tashi, saiti kuma ba ya gocewa. Ka dai ajiye tsohon a but. Na biyu, giya biyar ta fijo 505, wadda ta fito a 1979 kuma dangi ɗaya ce da 504. A doguwar hanya kamar ta Argungu zuwa Sakkwato, giya ta biyar na sauke kukan inji ta rage shan mai. Tsayin akwatin giyar ba ɗaya ba ne, don haka sai an daidaita farfela da bututunta. Ka kai wa wanda ya taɓa yi, ba wanda zai koya a kanka ba.

Ina so in ɗaga bayanta in sa kariyar ɗora kaya a kan rufi, saboda albasar Aliero.

In bayan ya zauna, ka sa sifirin na wagon masu lafiya da shokazoba masu kyau, shi ke nan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cusa guntun taya ko katako a tsakanin sifirin, ko walda a kansu. Ɗaga baya ba ya ƙara wa aksil ƙarfi, ba ya ƙara wa birki. Akwai ma wani bawul da ke auna yadda bayan ya sauka don ya san ƙarfin birkin da zai tura wa tayoyin baya. In an ɗaga motar ba a sake saita shi ba, sai ya ɗauka babu kaya alhali buhu goma na ciki. Garin neman gira a rasa ido.

Kariya ta katifa ce da buhunan da ba su da nauyi. Nauyi a sama shi ke kifar da mota a kwana. Albasa da shinkafa su zauna ƙasa, kusa da kujera, ba can bakin ƙofar but ba. Tayoyi kuma inci 14 ne, ka nemi masu ɗaukar nauyi, ka karanta lambobi huɗun da ke gefensu: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar gwanjo mai kyawun zane tana iya zama tsohuwa tukuf.

Tunda fetur ya yi tsada, in mayar da ita gas?

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ake yi mini wannan tambayar. Injin kafireto yana karɓar CNG, wato iskar gas da ake matsewa a tukunya, wagon kuma tana da wurin tukunya. Kafin ka kashe kuɗi, lissafa inda za ka riƙa shan gas ɗin a hanyar da kake bi. Tukunyar da babu inda za a cika ta nauyi ce kawai. Za ka rasa wani ɓangare na but, ƙarfin jan zai ɗan ragu, saitin bawul kuma zai buƙaci dubawa akai-akai. Gas ɗin ana matse shi har wajen bar 200 a ma'aunin matsin iska, don haka tukunyar girki ko wadda mai walda ya haɗa ba ta da wuri a nan ko kaɗan. Cibiyar da ke da izini kawai.

Fenti, da sifika, da fitilu masu haske fa?

Su ne na ƙarshe. Kafin ka ƙara ko da ƙwan fitila ɗaya, riwaya ya bi wayoyin, ya cire duk fis ɗin da aka ɗaure da zaren waya, ya sa wa manyan fitilu rile. Wayar da ta shekara talatin tana shan rana, in an ƙara mata nauyi, gobara ce. Bel ɗin kujera ma ya riga fenti.

Me kake ajiyewa a but in za ka yi nisa?

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kayan nan ba sa fita daga motar: fanbel, kwantak da kwandensa, fulogi biyu, fis, guntun tiyo da abin ɗaure shi, jarkar ruwa, galan ɗin baƙin mai, jak da safaya mai iska, tocila, da abin kashe gobara. Da damina ina ƙara busasshen tsumma a leda, don in ta ratsa ruwan fadama ta fara shaƙewa, yawanci murfin distirbita ne ya jiƙe. Ka buɗe, ka goge, ka jira minti biyar, ka sake murza makulli.