Karen da ya koma yin fitsari a zaure: kafin ka ɗauko sanda

Kwana huɗu bayan babbar Sallah wani dattijo daga unguwar Birni ya same ni a wurin aiki, ransa a ɓace. Ko gaisuwa ba mu ƙare ba ya ce, "Malam, karen nan nawa ya lalace. Shekara huɗu yana gidana bai taɓa yi mini ƙazanta a zaure ba. Yanzu kullum da asuba sai na tarar da fitsari daidai inda nake shimfiɗa buzuna. Na doke shi har na gaji. Ko dai in sa a kai shi daji a yar?"

Na ce, "Baba, a yi haƙuri a zauna tukuna. Me ya sauya a gidan kwanan nan?" Ya ce babu komai. Sai da hira ta yi nisa maganar ta fito da kanta. Ɗansa, wanda ke ba karen abinci kuma yake buɗe masa ƙofa da sassafe ya zagaya kangon bayan gida, ya tafi Agadas neman kuɗi. An kawo ragon layya, aka ɗaure karen da sarƙa a zaure kwana goma don kada ya firgita ragon. Ga baƙi, ga hayaniyar yara, ga ƙarar bindigogin hawan Sallah daga ƙofar fada. Duk wannan a wurin Baba "babu komai" ne.

Ruwa ba ya tsami banza. Karen da ya saba da wurin ba-hayarsa shekara da shekaru ba ya wayi gari ya manta, kuma ba ya yi don ya ƙuntata wa mai gida. Kare dabba ce mai rayuwa da sabo: hannun da ke ba shi tuwo, lokacin da ake buɗe ƙofa, inuwar da yake kwanciya. In waɗannan suka rikice sai hankalinsa ya tashi, hanji ya motsa, mafitsara ta kasa riƙo. Mata sun fi mu gane wannan, don sun san yaron da ya daina fitsarin kwance, amma da aka yi masa ƙane sai ya koma ruwa. Abin da na fi gani a nan Damagaram shi ne ƙaura zuwa sabon gida, zuwan amarya ko jariri, kawo wani kare, tafiyar mai kula da shi cin rani, da tsawar farkon damina. Akwai karen da tun hadari na haɗuwa yake fara kyarma.

In ka lura, jikinsa na faɗa maka. Yana haki ba tare da ya yi gudu ba, yana yawan hamma da lasar baki, ya kwantar da kunnuwa, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya ƙi abinci, ko ya yi ta safa da marwa. Wani da zarar ka daka masa tsawa ko ka sunkuyo kansa sai ya durƙusa ya saki fitsari nan take. Wannan sallamawa ce, yana nuna maka ka fi ƙarfinsa. Wani kuma ɗan kaɗan yake ɗigawa a jikin sabon abu, buhun gero ko tayar babur ɗin baƙo, yana sa warinsa don wurin ya koma nasa. Wani sai an fita an bar shi shi kaɗai, yawanci cikin rabin awar farko, tare da kuka da tonon bakin ƙofa.

Amma kada a yanke hukuncin cewa damuwa ce sai an tabbatar ba ciwo ba ne, don alamun suna kama da juna. Karen da ke tsugunawa sau da yawa yana yin ɗis-ɗis, yana yunƙuri, ko ana ganin jini a fitsarin, wataƙila ciwon mafitsara ne ko tsakuwa. Wanda ke shan ruwa fiye da ƙima yana fitsari mai yawa yana ramewa, a duba ƙoda da ciwon suga. Karyar da ta gama neman namiji ƴan makonni baya, ta kama yawan shan ruwa, ƙazanta na fita daga gabanta, mai yiwuwa mahaifa ce ta yi ruɓa, kuma tana kashewa. Tsohon kare yakan jiƙa makwancinsa cikin barci bai ma sani ba. Zawo kuwa, tsutsar ciki da ragowar abincin da ya lalace a zafin nan sun isa su kawo shi, balle bayan layya da kowa ke jefa masa kitse. Namijin da ke yunƙuri fitsari bai fita sam, ranar nan za a kai shi wurin likitan dabbobi, ba a kwana.

Sai maganar duka, wadda ita ce ta sa na zauna rubuta wannan. Kare na haɗa abin da ya yi da sakamakonsa ne cikin ƴan daƙiƙu kawai. Ya yi fitsari ƙarfe uku na dare, kai ka gani bayan sallar asuba ka jawo shi ka dangwara hancinsa a ciki ka zabga masa dorina. Abin da ya koya shi ne fitowarka da asuba masifa ce. Wannan sunkuyar da kai da mutane ke cewa "ka ga ya san laifinsa", tsoron fuskarka ne. Tsoro ne ya kawo matsalar tun farko, ka kuma ƙara masa wani. Daga nan sai ya koma ɓuya bayan randa ko ƙarƙashin rumbu ya yi, ko kuma wata rana ya kai wa yaro cizo. Na san ɓacin ran, fitsarin kare najasa ne, kuma ba wanda ke son ya same shi a wurin sallarsa. Sai dai sanda ba ta tsarkake wurin ba, ba ta kuma hana na gobe ba.

Gyaran shi ne a koma farko kamar ɗan kwikwiyo. Mutum ɗaya ya ɗauki nauyinsa. A fitar da shi da zarar gari ya waye, da bayan ya ci abinci, da la'asar, da kuma kafin a rufe gida, kullum wuri ɗaya. Ka tsaya har ya yi, nan take ka yaba masa da murya mai taushi ka jefa masa ɗan abin da yake so, ko ƙanzon tuwo ne. In ka kama shi yana cikin yi a zaure, ka kira shi ka fitar da shi ba tare da ihu ba. Babban kare lafiyayye bai kamata ya wuce awa 6 zuwa 8 ba a sake shi ba, don haka karen da ke kan sarƙa dare da rana ba shi da zaɓi. A ba shi wani lungu mai inuwa da tsohon buhu, inda yara ba sa tsokanarsa, ya riƙa shiga in ana biki ko tsawa. In wanda ya saba da shi ne ya yi tafiya, tsohuwar rigarsa a makwancin tana kwantar masa da hankali.

Wanke wurin ma yana da nasa sani. Hancin kare na jin abin da namu ba ya ji, kuma in warin na nan zai dawo. A daɓen siminti, a fara tsane fitsarin da yashi ko toka a kwashe, a wanke da omo, a ɗauraye sosai. Kada a tuttula jabel, wato ruwan bilicin wanki, kai tsaye a kan fitsari, haɗuwarsu na tayar da iska mai ƙona ido da ƙirji, musamman a ɗaki rufe. In ƙasa ce, a kankare ta a zubar a zuba sabon yashi. Kashin kuwa a kwashe shi a binne, kada a bari ya bushe inda yara ke rarrafe, don yana ɗauke da ƙwan tsutsa da ke kama mutum. Maganin tsutsa duk wata uku yana rage wannan.

Abu biyu nake roƙo a bari. Na farko, hana shi ruwa don wai kada ya yi fitsari. Mun san wahalar ruwa a garin nan da kuɗin ƴan garuwa, amma a watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, kare kuwa da haki yake sanyaya jikinsa, ƙishirwa na iya kashe shi. Na biyu, sayen ƙwayar barci ko tramol wurin masu talla a tura masa cikin nama. Magungunan ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen suna ɓata masa ƙoda da ciki.

Wani sauyin hali kuma ba na damuwa ba ne, yana iya zama haukan kare. Karen da ya rikice farat ɗaya, yana dalalar da miyau, muryarsa ta sauya, yana cizon duk abin da ya gani, ko ƙafafunsa na baya suka mutu, a kulle shi kada a taɓa, a sanar da ma'aikatan kiwo. In ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 a wuce asibiti ranar. Allurar haukan kare ana fara ta tun yana wata uku.

Karen Baba ba mu sami ciwo a jikinsa ba. Aka cire sarƙa, jikar Baba ƴar shekara goma sha biyu ta karɓi aikin buɗe ƙofa kafin ta tafi lakwal. Sati na farko ya yi sau biyu. Da na bi ta unguwar bayan sati uku, na tarar da Baba zaune kan buzunsa a zaure, karen kwance a bakin ƙofa. Na tambayi labari, ya ce, "Malam, ya daina. Amma yanzu ni ba ya kula ni, sai yarinyar."